Wa Ya Kwance Fure?

Ranar Juma'a da la'asar mutanen rugar Ardo Lauwali, wadda take tsakanin Roni da Gwiwa, suka dawo gida suka tarar da turke babu saniya. Maza sun tafi masallaci, mata sun tafi suna a wata ruga, samari suna daji da garke. Mutum ɗaya aka bari a gida, tsohuwa Adda, wadda ta shiga mako na huɗu tana kwance da ƙunar wuta a ƙafar dama. Saniyar ma tata ce. Fure ake ce mata, fara, mai karkataccen ƙaho, ta tsufa har ba ta iya bin garke.

Kafin rana ta faɗi ruga ta gama shari'arta. Baƙuwa ɗaya ce ta shigo da hantsin ranar, Mu'minat, ma'aikaciyar jinya daga Kazaure, wadda take zuwa a bayan babur tana wanke wa Adda ciwo. Matan ruga sun daɗe suna leƙen yadda take aikinta. Sai ta zauna kusa da tsohuwa ta yi ta magana ƙasa-ƙasa, tsohuwa ta lumshe ido, jikinta ya saki, a ɓare mata bandeji daga ɗanyen nama ko uffan ba ta ce ba. Da ma abin bai kwanta musu ba. Da Tasalla, matar ɗan Adda, ta tambaye ta wa ya kwance Fure, sai tsohuwa ta juya baya ta yi shiru.

"Kun gani ko?" in ji Tasalla. "Ta sa ta barci, ta ce ta ba su saniya, sannan ta shafe mata tunani."

Babu wanda ya tambayi Tasalla yadda aka yi ta san haka. Maganar ta yi daɗin ji, shi ke nan ta zauna.

* * *

Washegari da sassafe Ardo ya aika a kira Baba Mele mai bin sawu. Mele Babarbare ne, kakansa ya zo Roni fatauci ya ƙi komawa. Ya haura sittin, kuma tun yana saurayi kansa a sunkuye yake, har ana tsokanarsa cewa bai san fuskar kowa a garin ba amma ya san diddigen kowa. Ya iso yana ɗingishi, don wata ƙaya ta karye masa a tafin ƙafa kwana uku ke nan.

Ya tsaya a bakin turken ya girgiza kai. Duk ruga ta zo kallon inda saniya ta ɓace, ta tattake wurin tas.

"Allah ya shirye ku, Fulani," ya ce. "Da garke biyu kuka kora ta nan da ya fi mini sauƙi."

Muhsin, ɗan Adda na fari, bai yi dariya ba, duk da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ya nuna masa sawun babur, ya nuna masa sawun amalanke da ya shigo daga gabas ya koma. A ganinsa, da babur aka zo aka sa tsohuwa barci, da amalanke aka ɗauke saniya. Mele ya duba igiyar da ke jikin turke. Ba yanka ta aka yi ba, kwance ta aka yi, aka kuma naɗe ta a tsanake.

"Ya aka yi tsohuwa ta ƙone?" ya tambaya.

"Fure ce," in ji Muhsin. "Inna tana hura mata hayaƙin korar ƙuda, maciji ya firgita ta, ta banke ta cikin wuta. Ni na ɗauko Inna da hannuna, Baba. Ran nan na rantse saniyar nan ba za ta ƙara kaka a gidan nan ba. Yau ma mahauci zai zo ɗaukarta."

"Yarinyar asibitin fa, yaushe za ta dawo?"

"Yau ne ranarta. Na aika kada ta sake ta tako nan. Na kuma kai ƙararta wurin aikinsu."

Mele ya yi sallama ya shiga ɗakin Adda. Tana kwance, ta rufe ƙafafunta da zane, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ya gaishe ta, ya ce ashe Bafulatana ma wuta tana kama ta, shi ya zaci madara ce a jikinsu. Ta ɗan murmusa.

"Kai dai Babarbare, je ka duba ƙasa. Ita ce aikinka."

Ya yi mata tambaya uku, ta ce kanta yana ciwo. Ya fito da abu ɗaya yana cin ransa. Ya sha ganin matan da aka sace wa shanu, sukan riƙe masa riga suna haɗa shi da Allah. Wannan tsohuwa shekara goma sha takwas tana tare da Fure, amma ko sau ɗaya ba ta tambaye shi ko za a same ta ba. Ya ce a ransa, watakila dai gaskiyar Tasalla ce.

* * *

Mele ya tarar da Musaddiƙ, ɗan acaɓan da ke kawo Mu'minat, a tashar Roni. Kawun Musaddiƙ mahauci ne, kuma akwai igiya ɗaure a bayan baburinsa, abin da ya isa a rataye shi a ruga. Sai dai igiyar ta ɗaure buhun gyada ce, kuma Musaddiƙ ya yi sallar Juma'a a sahu ɗaya da Ardo, kafaɗa da kafaɗa. Liman ma ya shaida.

"Baba, ni ba ta kaina nake yi ba," in ji Musaddiƙ. "An ce wa Mu'minat ta zauna a gida har a gama bincike. A unguwarsu mata sun daina kallon idonta. Ita kuwa tun safe take kira na a waya, wai ko na ji labarin ƙafar tsohuwa."

Mele ya hau bayansa suka nufi Kazaure.

Gidan su Mu'minat yana gindin dutse. Ta fito da hijabi, idanunta sun kumbura, ta durƙusa ta gaishe shi, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure.

"'Yata, me kike yi wa tsohuwar nan?"

"Baba, ina ba ta maganin rage zafi, amma ba ya isa ga ƙuna irin tata. Sai nake haɗawa da wani abu da wani likita ya koya mana a Kano. Turawa suna ce masa hifnosis. Ba barci ba ne, ba kuma asiri ba ne. Tattara hankali ne wuri ɗaya, har sauran abubuwa su ja baya."

"Ciwo yana ƙafa, ina ruwansa da hankali?"

"Raunin ne a ƙafa, Baba. Jijiyoyi suna kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita ce take auna shi ta ce ga yawan zafin, ga yawan tashin hankalin. Ba ka taɓa yankewa a gona ba ka sani ba sai da ka ga jini? An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna cikin wannan hali, aka ga ɓangaren da ke sa zafi ya dami mutum ya lafa. Saƙon yana zuwa, amma ba ya tsorata shi. Kuma ba kowa yake shiga sosai ba. Wasu kaɗan-kaɗan, wasu ko kusa. Inna Adda tana cikin waɗanda Allah ya ba baiwar."

"Za ki iya sa mutum ya ba da saniyarsa?"

Ta dubi ƙafarsa da ya miƙe gefe. "Kawo ƙafar nan in cire maka ƙayar, sai ka ba kanka amsa."

Ta ɗauko kayan aikinta, ta wanke wurin. Ta ce ya zaɓi wani abu ya zuba masa ido, ya zaɓi wata tsaga a jikin garu. Ta ce ya ja numfashi a hankali, in idanunsa suka yi nauyi ya bar su su rufe. Sannan ta tambaye shi inda ransa ya fi sakewa a duniya. Ya ce bakin fadama da safe bayan an kwana ana ruwa. Ta yi ta ba shi labarin wurin da muryar nan tata mai taushi, sanyin yashi a tafin ƙafa, sanyin yana ratsa fata har ƙafar ta yi kamar ba tasa ba. Sai ga sawun barewa a gabansa, sabo fil, ya bi shi. Yana jin ta tana taɓa ƙafar, yana jin wani abu yana ja, amma abin can nesa yake, kamar ana daka a maƙwabta.

Cikin wannan murya ta ce, "Baba, miƙo mini zoben nan na hannunka."

"A'a," ya ce idonsa a rufe. "Na mahaifina ne."

Ta yi dariya, karo na farko tun jiya, ta ce ya buɗe ido. Ga ƙaya a kan auduga, baƙa, doguwa.

"Me ka manta?"

Ya lalube tunaninsa. Bai manta komai ba. Ya ji kukan akuya a waje, ya ji mai sayar da rake ya wuce, ya ji duk kalmar da ta faɗa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ya san wannan hali tun da daɗewa. Haka yake zama in ya kama sawu, a yi ta kiransa bai ji ba, ƙishirwa ma sai ya tsaya take tuna masa da kanta.

"Ni jagora ce kawai," in ji Mu'minat. "Mai ciwo ne yake tafiyar. Shi ya sa na koya wa Inna ta riƙa yi da kanta in ba na nan. Ta ma fi ni iyawa yanzu."

"Ita ina take zuwa in ta rufe ido?"

Mu'minat ta naɗe audugar. "Maganar majinyaci amana ce, Baba. Amma wannan ba ta ɓoye wa kowa ba. Kiwo take zuwa. Tana gaba, Fure tana binta." Sai hawaye suka cika mata ido. "In an kore ni daga aiki, Allah yana nan. Amma ƙafar nan in ta ƙara kwana biyu ba a wanke ba, za ta iya rasa ta."

* * *

Da la'asar Mele ya koma ruga. Bai tsaya a turke ba, ya yi da'ira mai faɗi ta bayan gonakin gyada, inda 'yan kallo ba su kai ba. Ya fara duba sawun amalanken. Bai nutse ba a zuwa, bai nutse ba a komawa. Ko maraƙi bai ɗauka ba, balle saniya.

A gabashin ruga, kan wata 'yar hanya mai yashi, ya sami kofaton Fure. Tafiyar nutsuwa take yi, ba turjiya, ba jan igiya. Ya tsuguna. Ɓarawo yakan koro saniya ta baya, sai sawunsa ya hau kan nata. Nan kuwa kofato ne a kan sawun mutum. Saniyar ce take bin mai ita, da son ranta.

Ya bi har inda kofaton ya kauce ya bar sawun a fili. Ƙafar hagu ƙarama ce, babu takalmi. Ga ramin sanda a gefe. Ƙafar dama kuwa ba ta da yatsu ko ɗaya, dunƙule take, kuma saƙar bandeji ta fito raɗau a kan yashi.

Mele ya zauna a ƙasa. Sawun Adda ne.

Daga nan sawun ya ba shi sauran labarin. Duk bayan taku hamsin ko sittin, akwai inda ta zauna a gindin itace. A kowane mazauni Fure ta tsaya daf da ita, tana jira. Ya gane abin da tsohuwa take yi a wuraren nan: in zafi ya ci ƙarfinta sai ta zauna, ta rufe ido, ta tattaro hankalinta, ta tashi ta ƙara gaba. A mazauni na tara ya ga ɗigon jini ya bushe. Ya ji tausayinta ya kama shi.

Sawun ya ƙare a gidan Dela, wata tsohuwa ƙawar Adda tun suna 'yan mata suna tallan nono. Fure tana bayan rumbu tana tuƙa, ga amalanken jaki a jingine.

"To, ka same mu," in ji Dela. "Ni na mayar da ita gida a amalanke, ƙafar tana jini. Na yi mata faɗa har na gaji."

"Me ya hana ta ce wa ɗanta kada ya sayar?"

"Haba Mele, kamar ba a cikinmu ka tsufa ba. Ɗan fari ne fa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa roƙonsa komai ba. Kunya ce, haka muka gada. Ta bi ta wurin Tasalla ta ce, saniyar nan ta tsufa, namanta ba zai ciwu ba. Shi kuwa da ya ji, sai ya ce ashe gara a hanzarta kafin ta ƙara ramewa. Fure jikar saniyar da mahaifinta ya ba ta ce ranar da aka kai ta ɗaki. Ita kaɗai ta rage."

"Ta san abin da ya sami yarinyar asibitin?"

Dela ta sunkuyar da kai. "Ta ji ana zarginta. Ta zaci surutun mata ne, kwana biyu ya wuce."

Mele ya koma gida yana juya abin. In ya faɗa, ya kunyata tsohuwa gaban ɗanta, ya kuma miƙa Fure ga wuƙa. In ya yi shiru, yarinya ta rasa suna da aiki, tsohuwa ta rasa ƙafa.

* * *

Da hantsin Lahadi aka taru a gindin tsamiyar Ardo. Mele ya nemi a yi zaman kusa da ɗakin Adda, ya ce inuwar ta fi kyau a nan. Musaddiƙ ya kawo Mu'minat, ta zauna can gefe da jakarta a cinya, mata suka ja jikinsu daga kusa da ita.

"Ranka ya daɗe," in ji Mele, yana ɗaga murya fiye da yadda ya saba, "Musaddiƙ yana masallaci tare da kai. Amalanken bai ɗauki saniya ba. Yarinyar nan kuwa na miƙa mata ƙafata ta yi mini abin da take yi wa Adda. Ina jin komai, ina tune da komai, ta nemi zobena na hana ta. Abin nata ba ya ƙwace wa mutum ransa. Duk da haka an dakatar da ita daga aiki, an ɓata mata suna a unguwarsu, kuma abin da kawai take tambaya shi ne yaya ƙafar tsohuwa."

"To wa ya kwance saniyar?" in ji Ardo.

"Wanda saniyar ta yarda ta bi ba igiya. Na ga sawunsa, ranka ya daɗe. Amma shekara arba'in ina wannan aiki, yau ne na fara bin sawun da ba na ɓarawo ba. Ina roƙon a ba mai shi dama ya yi magana da bakinsa."

Muhsin ya buɗe baki zai yi magana, sai asabarin ɗakin ya motsa.

Adda ce, dafe da sanda. Tasalla ta zabura za ta riƙe ta, tsohuwa ta ɗaga mata hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta lumshe ido, ta ja numfashi sau uku a hankali. Sannan ta buɗe ido ta tako, ƙafar hagu, sanda, ƙafar dama mai baƙin bandeji. Duk ruga tana kallon matar da aka ce ba ta iya tsayuwa tana ratsa fili, har ta tsaya gaban ɗanta.

"Muhsin," ta ce.

Ya ɗago a firgice. Shekararsa arba'in da biyar, bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba.

"Ni na kwance ta. Tana gidan Dela. Ba da gangan ta ture ni ba, tsoro ta ji. Ka bar mini ita ta mutu a turkenta. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Muhsin ya zame daga kan tabarma ya durƙusa. Ya kasa kallon fuskarta, sai ƙafar yake kallo, yana ganin abin da rantsuwarsa ta ja mata. "Na bari, Inna," ya ce. "Zan yi kaffara. Na bari." Ya juya wurin Ardo ya ce gobe da kansa zai je Kazaure ya janye ƙara, a gaban duk wanda ya ji ta.

Adda ba ta jira ƙarshen maganarsa ba. Ta ƙarasa inda Mu'minat take, ta zauna a ƙasa daɓas, don ƙarfin ya ƙare.

"'Yata, da abin da kika koya mini na cuce ki. Ina ji ana cin namanki, na yi shiru saboda saniya."

"Inna, mu ga ƙafar tukuna," in ji Mu'minat, tana share hawaye da gefen hijabi. Ta riga ta buɗe jaka. Ta ce a kawo tafasasshen ruwa, Tasalla ce ta ruga ta ɗauko, ta ajiye ba tare da ta iya haɗa ido da kowa ba. Maza suka ja da baya. Mele ya tsaya daga nesa, inda yake iya ji.

Bandejin ya manne da nama, kwana biyu da jini da yashi. Mu'minat ta ba ta magani, ta jiƙa shi, ta sassauta murya.

"Wannan zai yi zafi sosai, Inna. Ja numfashi. Rufe idonki, ga Fure can tana jiranki."

"A'a," in ji Adda. Ta kama hannun rigar yarinyar ta riƙe gam. "Fure ta jira. Yau ke nake so in kalla."